Na bi sawun Tony Iommi a Birmingham, mai jitar da inji ya gutsire wa yatsu

Daga Coventry inda nake karatu zuwa Birmingham ko rabin awa ba a yi a jirgin ƙasa, kafin ka gama duba saƙonnin wayarka sai kaji ana cewa an iso New Street, amma duk kusancin nan ni ban saba zuwa garin yawo ba, iyakaci in zo gidan kawuna in ci tuwo in koma. Wannan karon takanas na fito saboda mutum ɗaya, Tony Iommi, mai kaɗa jitar ƙungiyar Black Sabbath. Nasan wasu daga jin sunan ƙungiyar nan zasu ce a'uzubillahi, dan Allah ku yi haƙuri ku bi ni a hankali, ba kiran kowa nake ya je ya saurari kiɗan ba, labarin hannun mutumin ne ya tsaya min a rai.

A jami'armu na fara jin sunansa, don a 2013 sun bashi digirin girmamawa, daga baya ma suka naɗa shi farfesa mai ziyara a ɓangaren kiɗa. Wani bature ɗan ajinmu ne yace min ai mutumin nan da kan yatsu biyu na roba yake kiɗa, kuma ɗan walda ne kafin ya shahara. Ni kuwa a shagon waldar yayana na tashi a Kano, duk hutu can nake wuni, nasan yadda ido yake yi da daddare in ka kalli wutar walda ba gilashi, kuma nasan yaran da inji ya taɓa wa hannu aka ɗaure da tsumma aka kai kemis, daga nan sana'ar ta ƙare musu. Shiyasa da naji labarin nan nace sai naga unguwar da abin ya faru da idona.

Kana fitowa daga jirgi a New Street abinda zai fara tare maka ido wani ƙaton bijimin ƙarfe ne a tsakiyar tashar, tsayinsa ya kai mita 10, shine aka yi bikin buɗe wasannin Commonwealth na 2022 dashi, daga baya jama'a suka kaɗa ƙuri'a aka sa masa suna Ozzy, sunan mawaƙin ƙungiyar kenan Ozzy Osbourne. Shi Iommi ma ya kaɗa jita a bikin buɗewar nan amma sunan Ozzy aka sa wa bijimin, kuma haka abin yake duk inda ka zaga a garin, Ozzy ne a bakin kowa, shine mai surutu mai abin dariya wanda ya yi shirin talabijin da iyalinsa. Wanda ya ƙirƙiro sautin da duk ake magana a kai shine mai shiru-shirun nan da yake tsayawa a gefe cikin baƙaƙen kaya ko rawa baya yi. A titin Navigation dab da tashar an zana fuskokinsu su huɗu a jikin wani dogon bango, Ozzy da Iommi da Geezer Butler mai jitar bes da Bill Ward mai ganguna, mutane sai tsayawa suke suna ɗaukar hoto.

Daga nan na zagaya titin Station, tafiyar minti biyu zuwa uku ce, inda wata tsohuwar mashaya take mai suna The Crown. A saman benenta ne suka yi wasanninsu na farko-farko a gaban jama'a a 1968 lokacin sunansu Earth, a wani kulob na kiɗan bulus da Jim Simpson yake shiryawa, wanda shine ya zama manajansu na farko. Gidan a rufe yake tun 2014, tagogi a toshe, fentin ya fara tashi, sai hotunansu da aka manna a jiki. A 2024 gwamnati ta sa shi cikin gine-ginen tarihi da ba a yarda a rushe ba, to amma hana rushewa daban gyarawa daban. Na ɗan jima a bakin ƙofar, motocin bas suna ta wucewa, wasu tsofaffi biyu mata da miji da rigunan ƙungiyar suka zo suka leƙa ta wata 'yar kafa suka tafi. Gaskiya abin ya bani mamaki, garin da mutane ke tahowa daga ƙarshen duniya saboda yaran nan huɗu ace ɗakin da suka fara a kulle.

Nan Kawu ya zo ya ɗauke ni, shi tasi yake ja a garin tun ina ƙarami. Ina shiga ko gaisuwa bamu gama ba yace,

"Kai yanzu duk wuraren tarihin da ke Ingila ka rasa inda zaka kai ziyara sai unguwar masu kiɗan aljanu?"

Nace "Kawu ba kiɗan na zo ji ba wallahi, unguwar nake so in gani."

Yace "To Allah ya shirya mana ku, ɗaura bel."

Muka hau babban titin Aston Expressway, wanda in ka miƙe shi zai kai ka gadojin nan masu sarƙaƙiya da suke kira Spaghetti Junction da aka buɗe a 1972, mu dai muka sauka kafin nan muka shiga cikin unguwa. Aston gidaje ne na jan bulo a jere manne da juna, ƙofa kusa da ƙofa, kuma yanzu in ba don sanyi da yanayin ginin ba sai ka ɗauka wata ƙasar kake, shagunan naman halal, mata da hijabi suna tura keken jarirai, 'yan Pakistan da Bangladesh da Somaliya da baƙaƙen Karebiyan, masallatai nan da can. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 30 cikin 100 na mutanen Birmingham musulmi ne, kuma Aston na cikin inda suka fi yawa. A zamanin da Iommi ya tashi kuwa unguwar leburorin masana'antu ce zalla. Keken Hercules a nan Aston ake ƙera shi, babur ɗin Norton ma haka, kamfanin tayar Dunlop yana can gaba kaɗan, ga masu narka ƙarfe da masu buga shi ko'ina. Jamusawa sun yi wa garin ruwan bama-bamai a yaƙin duniya na biyu saboda masana'antun nan, yaran da aka haifa bayan yaƙin a cikin kangwaye suka yi wasan ƙasa. Bill Ward ya sha bada labarin yadda yake kwanciya da dare yana jin bugun manyan injina daga nesa yana bin su da yatsa a jikin katakon gado. Yanzu kusan duk sun tafi, hatta kamfanin miyar HP da unguwar take alfahari dashi an rufe a 2007 an mayar da aikin Holan, Kawu ya nuna min wajen da hannu muna wucewa.

An haifi Iommi ranar 19 ga Fabrairu 1948, shi kaɗai ne wajen iyayensa, asalinsu 'yan Italiya ne, mahaifiyarsa tana da ɗan kantin kayan masarufi a titin Park Lane a nan Aston kuma a jikin kantin suke zaune. Muka bi titin a hankali, titi ne kawai kamar kowanne, motoci da gidaje da 'yan shaguna. Ganga ya fara so amma gidan ba fili kuma ba mai jure ƙarar, sai ya koma jita saboda yana jin masu jita irin su Hank Marvin a rediyo. Bahago ne, wannan ku riƙe shi don shine ya sa abinda ya faru ya zama babbar masifa. Makaranta ɗaya suka yi da Ozzy a Birchfield Road, shi yana gaba da shekara ɗaya, kuma a lokacin ko shiri basa yi.

A 1965 yana ɗan shekara 17 yana aikin walda a wata masana'antar farantan ƙarfe, da dare kuma yana kiɗa a ƙananan wurare, sai wata ƙungiya ta ɗauke shi zasu tafi wasa Turai, ya bada notis zai bar aiki. Ranar ƙarshe ya dawo gida cin abincin rana yace wa mahaifiyarsa shi fa ba zai koma ba ya gama, tace a'a, ka koma ka ƙarasa wuninka yadda ya kamata, ba a barin aiki haka. Ya koma. To dama tsarin aikin shine akwai mai kula da wani babban inji da yake danne ƙarfe ya lanƙwasa shi sannan a turo masa ya yi walda, ranar mai injin bata zo ba sai aka ce shi ya hau, alhali ba aikinsa bane bai kuma saba dashi ba. Yana tura ƙarfe injin ya sauko masa a hannun dama, da ya fizge hannun sai kan yatsu biyu suka tsaya a ciki, na tsakiya da wanda ake sa wa zobe. Da na-dama ne da sauƙi, don hannun dama bugun tsirkiya kawai yake, amma bahago da hannun dama yake danna tsirkiya a wuyan jita, wato ainihin yatsun da sana'ar take kansu ne suka tafi, saura awanni kaɗan ya bar wajen har abada. A asibiti aka ce masa ya manta da kiɗa.

Muna tsaye a gefen titi ina ba Kawu labarin nan, ya yi shiru can yace "Uwar fa? Ai ita ce abar tausayi." Wallahi ni ban taɓa kallon abin ta nan ba sai da ya faɗa. Tarbiyya ta yi masa, irin wadda kowace uwa ta gari zata yi, ƙaddara kuma ta riga fata. Wanda ni nake gani da laifi shine wanda ya ɗora yaro akan injin da bai iya ba don kar aiki ya tsaya, kuma wannan har gobe ana yi, a can da nan.

Yana zaune a gida ransa a ɓace sai shugabansu na wajen aiki ya zo duba shi da faifan garmaho yace saurari wannan. Da farko ya ƙi, yace shi yanzu ba abinda ya tsana kamar jin wani yana kaɗa jita, mutumin ya matsa ya sa faifan, bayan ya ji ya yaba sai yace masa to mai kiɗan nan da yatsu biyu yake yi. Django Reinhardt ne, wanda gobara ta ƙona wa hannun hagu a 1928 yatsu biyu suka shanye amma ya zama gagarabadau a kiɗan jaz. Daga nan Iommi ya tashi. Ya yi tunanin ya juya jitar ya koyi kiɗa irin na na-dama amma yaga kamar komawa aji ɗaya ne, sai ya zaɓi ya yi wa yatsun dabara.

Nan ne wajen da ya fi burge ni don aikin hannu ne tsantsa. Ya samo robar sabulun wanke kwanuka na Fairy Liquid ya narka ta ya dunƙule kamar ƙwallo, ya ɗauko ƙarfen nan mai zafi da masu gyaran rediyo suke narka dalma dashi ya dinga huda rami a ciki har sai da dungulmin yatsan ya shiga daidai, sannan ya zauna kwana da kwanaki yana gogewa da samfefa har ta koma siffar kan yatsa. Da ya gwada sai robar ta dinga zamewa akan tsirkiya, ya gwada wannan ya gwada wancan, a ƙarshe ya yanko fata daga wata tsohuwar jaket ɗinsa ya manna a kai, ita ce ta riƙe. Sai matsala ta biyu, tsirkiyoyin jita na lokacin masu kauri ne, dannawa azaba ce a kan ƙashin da ba nama, ya je kamfanoni yace su yi masa sirara suka ce ba wanda zai saya, sai ya koma haɗa tsirkiyar banjo, wani abin kiɗa mai siraran tsirkiyoyi, da ta jita. Yau sirara ɗin nan kowane shagon kayan kiɗa akwai su.

Muka tsaya wani masallaci a unguwar muka yi azahar, muka ci shinkafa a wani shagon 'yan Bangladesh, muka wuce ta gaban Aston Hall, wani ƙaton gidan attajirai da aka fara ginawa a 1618, ga filin ƙwallon Villa Park a ƙasansa kaɗan. Kawu yace labarin filin nan sai da daddare zai bani don shi yanzu aiki zai koma, ya sauke ni a tsakiyar gari.

Na shiga wani shagon kayan kiɗa, ni da ban taɓa riƙe jita ba, na gaya wa yaron shagon gaskiya cewa ba saye zan yi ba so nake in ji yadda tsirkiyar take a yatsa. Yaron kirki ne, da yaji sunan Iommi sai ya washe baki ya sauko min da wata ja mai ƙaho biyu, yace irin wadda yake kaɗawa ce, Gibson SG. Ya nuna min inda zan danna. Ko minti biyu ban yi ba kan yatsuna ya yi ja, tsirkiyar ta shata min layi a fata, zafi kamar na riƙe bakin wuƙa mara kaifi. Sai ya ciro marfin biro daga aljihu yace sa wannan a yatsanka ka sake. Na sa, na danna, wallahi kwata-kwata bana jin inda tsirkiyar take, ko na danna da ƙarfi ko ban danna ba duk ɗaya, sai sautin ya fito sannan zan gane ko daidai ne, marfin kuma sai zamewa yake gefe. Yaron yace to haka yake kiɗa shekara sittin, da kunne yake ji ba da fata ba. Sannan ya murɗa maɓallan kan jitar ya sassauta tsirkiyoyin ya jona ta da sifika ya buga sau ɗaya, sautin ya sauko ƙasa ya yi kauri har ina jinsa a ƙirji. Wannan sassautawar Iommi ya yi ta ne don ya rage wa yatsunsa zafi, ya fito da ita sosai a faifansu na uku Master of Reality a 1971, Butler ma ya sassauta tasa don su daidaita, sai ga wani nauyin sauti da ba a saba ji ba, kuma akansa aka gina kiɗan da ake kira heavy metal. Ya tuna min Mdou Moctar na Nijar, shima bahago, wanda jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke ya haɗa ta.

Yadda 'yan ƙungiyar suka haɗu kuwa, Iommi da Bill Ward sun dawo daga Carlisle a 1968 bayan ƙungiyarsu ta watse, suka ga talla a wani shagon kayan kiɗa wani mawaƙi yana neman abokan aiki, suka bi adireshin suka ƙwanƙwasa sai ga Ozzy, Iommi yana ganinsa yace wa Ward mu tafi nasan wannan a makaranta. Amma dai aka haɗu. A ƙarshen shekarar ya ɗan koma ƙungiyar Jethro Tull wadda ta riga su suna, bai daɗe ba ya dawo, abinda ya ɗauko daga can shine tsari, yace daga yau da safe ake fara atisaye kamar masu zuwa aiki, shi yake ɗaukar mota ya bi gida-gida ya tattaro su. Suka je Hamburg a Jamus suna wasa sau da yawa a dare ɗaya har hannu ya faɗa. Faifansu na farko a wuni ɗaya suka naɗe shi a Landan cikin Oktoban 1969, ya fito ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1970, 'yan jarida suka yi masa kaca-kaca, matasa kuma suka yi ta saye. Kafin shekarar ta ƙare na biyun, Paranoid, ya hau lamba ɗaya a Birtaniya. Kusan duk waƙoƙin nan daga hannun Iommi suke farawa, shi zai kawo rif, guntun kiɗan nan da ake ta maimaitawa wanda waƙar take zaune a kai, Ozzy ya ɗora karin murya, Butler ya rubuta yawancin baitocin.

Maganar suna da aljanu da Kawu ya yi, ba zan kauce mata ba. Sunan Black Sabbath da suka koma bayan Earth na wani fim ɗin ban tsoro ne na 1963, sun lura mutane suna biyan kuɗi a silima don a tsorata su sai suka ce bari mu yi kiɗan da zai bada tsoro. Butler ɗan gidan Katolika ne masu riƙo, kuma in ka bi baitocinsa da yawa gargaɗi ne akan shaiɗan da yaƙi da 'yan siyasar da ke tura 'ya'yan talakawa su mutu. Gicciyen da suke ratayawa mahaifin Ozzy ne ya ƙera musu na farko, juyayyen gicciyen da ke cikin bangon faifan farko kuma sun ce kamfanin ne ya sa ba da saninsu ba. Duk da haka ni dai a ganina wanda ya yi wasa da irin hotunan nan don kasuwa bai kamata ya yi mamaki ba in an ɗauke shi da gaske, kuma akwai abubuwa a harkar da raina baya so sam. Ga kuma shaye-shaye, wanda shi kansa Iommi bai ɓoye ba, a 1972 da suke aiki a Los Angeles hodar ibilis ta yi musu katutu, ga rigimar kuɗi da manajoji har kotu, a 1979 suka sallami Ozzy saboda giya da ƙwaya sun fi ƙarfinsa. Ba waliyyi nake baku labari ba.

Na taka daga nan ta Colmore Row inda babbar cocin garin take, wadda a 2017 ya rubuta wa mawaƙanta wani kiɗa mai sanyi da aka ɗauko kalmominsa daga Zabura, na bi ta Centenary Square ta gaban babban laburaren da Malala ta buɗe a 2013, na shiga Broad Street. Akwai gada akan hanyar ruwan nan da aka haƙa tun zamanin da ake jigilar gawayi da ƙarfe a kwale-kwale, tun 2019 sunanta gadar Black Sabbath, a kai akwai benci na ƙarfe da fuskokinsu su huɗu a jikin majinginar. Sai da na bi layi kafin na zauna. Har yanzu ana ajiye furanni da 'yan wasiƙu, kusan duka na Ozzy ne, don ta nan aka bi da gawarsa a ƙarshen Yulin 2025 iyalinsa suka sauko suka tsaya.

Ina zaune a wajen ina lissafa shekarun da ke tsakani, waɗanda masu ɗaukar hoto basu cika magana akai ba. Bayan tafiyar Ozzy mutane sun ɗauka an gama, sai Iommi ya ɗauko mawaƙi Ronnie James Dio ɗan Amurka suka fitar da Heaven and Hell a 1980 ƙungiyar ta farfaɗo. Dio ya tafi, Ian Gillan ya zo ya tafi, Tony Martin ya daɗe, akwai shekarun da Ozzy yake cika manyan filaye a Amurka shi kuma Iommi yana wasa a ƙananan ɗakuna ana cewa ya haƙura mana, har Butler da Ward duk sun fita a lokuta daban-daban, shi kaɗai ne bai taɓa barin ƙungiyar ba tun da ta zama Black Sabbath har ƙarshe. A 1997 su huɗun suka sake haɗuwa a Birmingham. A farkon 2012 aka gano yana da ciwon kansa nau'in lymphoma, a haka yana karɓar magani yana rubuta kiɗa, faifansu mai suna 13 ya fito a 2013 ya hau lamba ɗaya a Birtaniya da Amurka, yawon wasan ma sai aka tsara shi yadda zai dinga dawowa gida ganin likita, a 2016 ya sanar ciwon ya lafa. Ranar 4 ga Fabrairu 2017 suka rufe yawonsu na bankwana a nan garin. Wannan naciyar ita nake girmamawa a wajensa fiye da kiɗan, kuma ita ce dai ta yaron da ya zauna yana goge roba da samfefa.

Da magariba Kawu ya ɗauke ni muka tafi Coventry Road a Small Heath muka zauna wani gidan abincin 'yan Somaliya, nan ya cika alkawari. Yace ranar 5 ga Yuli 2025 tun safe yake jigilar mutane zuwa Villa Park, wasan ƙarshe kenan da su huɗun na asali suka hau dandamali tare, rabonsu da haka tun 2005, Ozzy a zaune akan kujera ya yi waƙa saboda ciwon Parkinson ya hana shi tsayuwa, Iommi yana ɗan shekara 77 yana tsaye da jitarsa. Kuɗin da aka tara na asibitin yara na Birmingham ne da gidan kula da yara marasa lafiya na Acorns da wata gidauniyar binciken Parkinson. Kwana 17 bayan nan Ozzy ya mutu.

Yace "Ni da na gansu da baƙaƙen kaya da gashi har gadon baya da zane a jiki na ɗauka yau sai an fasa min gilashi. Wallahi ɗan nan ban taɓa ɗaukar fasinjoji masu ladabi irinsu ba. Wani daga Brazil, wasu daga Japan, wani dattijo da jikansa. Da dare da na kwaso wasu, ƙato guda yana bayan mota yana kuka."

Nace "To Kawu kaga ba aljanu bane."

Yace "Mutanen ba aljanu bane, kiɗan ne dai har yanzu ban yarda dashi ba. Nuna min hannun nasa in gani."

Na nemo bidiyo a YouTube inda kyamara ta matso kusa, na tsayar daidai inda ake ganin 'yan hulunan biyu a kan yatsun. Ya karɓi wayar ya cire gilashinsa ya kawo ta kusa da ido, ya sa na mayar baya har sau nawa, amma ya ce in kashe sautin.

Wanda yake Ingila yake son zuwa, wuni ɗaya ya isa. Bijimin da zanen bangon da The Crown duk a jikin tashar New Street suke, gadar kuma tafiyar kamar kwata ce a ƙafa. Aston sai ka hau ƙaramin jirgi daga New Street ka sauka tashar Aston ko Witton, Witton ta fi kusa da filin ƙwallon, masallatai da abincin halal ba matsala a unguwar. Ka dai duba jadawalin Aston Villa kafin ka fito, don ranar da suke wasa a gida ana rufe titunan kewayen filin kuma jirgin cika yake maƙil.